Aikin Lungu: Gwanintar Juraj Slafkovský a Hokin Ƙanƙara

Ranar 7 ga Yulin 2022, ƙungiyoyin NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta duniya, suka hallara a zauren Bell Centre da ke birnin Montreal na Kanada domin rabon matasan 'yan wasa, kamar yadda suka saba duk shekara. A tsarinsu, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke samun damar fara ɗauka. Montreal Canadiens, mai masaukin baƙi, ita ce ta zo ta ƙarshe cikin ƙungiyoyi 32, ƙuri'a kuma ta faɗo a kanta, saboda haka zaɓin farko nata ne, abin da rabonta da shi tun 1980. An daɗe ana cewa wani yaro ɗan Kanada mai suna Shane Wright ne zai fito na ɗaya, har magoya baya da yawa sun riga sun ɗauke shi nasu. Sai manajan ƙungiyar, Kent Hughes, ya hau dandamali ya kira wani suna daban: Juraj Slafkovský, ɗan ƙasar Slovakiya, mai shekara 18. Zaure ya rabu biyu, wasu na tafi, wasu na ihun ƙin yarda. Wright bai samu shiga ba sai a na huɗu, inda Seattle ta ɗauke shi.

Kafin wannan dare ba a taɓa ɗaukar ɗan Slovakiya a matsayi na ɗaya ba. Wanda ya fi kusa shi ne Marián Gáborík, da ya zo na uku a 2000. Kamar haɗin baki, na biyun ma ɗan Slovakiya ne, Šimon Nemec, wanda New Jersey ta ɗauka. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba ta kwashe na ɗaya da na biyu a kan idon Kanada da Amurka. Su dai mutanen Montreal abin da ya dame su shi ne, me Hughes ya gani a jikin yaron nan? A kakar da ta gabata, a gasar ƙwararru ta Finlan, ƙwallo biyar kacal ya ci wa ƙungiyar TPS ta birnin Turku a wasa 31. Da irin wannan lissafi ba a saba fitowa na ɗaya ba.

A ganina amsar tana lungu, a jikin katanga, wurin da kyamara ba ta cika son tsayawa ba.

Sai an san filin kafin a gane maganar. Filin NHL daskararriyar ƙanƙara ce mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26. An kewaye shi da katanga wadda ta ɗan wuce mita ɗaya, an ɗora gilashi mai kauri a samanta, kusurwoyinsa huɗu kuma a lanƙwashe suke. Abin da ake bugawa da sanda ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa inci uku, kaurinsa inci ɗaya, nauyinsa wajen giram 170, kuma a firiza ake ajiye shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle-tsalle. Da wuya ya fita waje. In ya bugi katanga dawowa yake yi, ko ya bi jikinta ya zagaya ta bayan raga, domin a hoki bayan raga ma fili ne da ake wasa a cikinsa. Kowane ɓangare mutum shida ne: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. Wasan kashi uku ne, minti ashirin-ashirin, amma gudun da ake yi ba ya barin kowa ya daɗe. Ɗan gaba kan yi kamar daƙiƙa 45, ya faɗa benci yana haki, wani ya tsallako, wasa bai tsaya ba.

To, tunda faifan bai cika fita ba, a jikin katanga yake yawan ƙarewa. Ƙungiyar da ta kasa shiga gidan abokan hamayya da shi a bakin sanda sai ta harba shi can lungu ta bi shi a guje. Ɗan bayan da aka matsa wa sai ya maka shi a katanga ya zagayo. Ɗan gefe shi ne zai je ya tarar da shi a inda babu sarari, alhali ga wani ƙato nan tafe a bayansa da gudun da ya wuce kilomita 30 a awa, kuma doka ta ba shi izinin ya haɗa shi da katanga da kafaɗa. Ana so cikin ƙiftawa da bisimilla ya ɗauko faifan, ya kare shi, ya miƙa wa wanda ke tsakiya. In ya yi nasara ƙungiyarsa ta samu hari, in ya faɗi harin ya juyo kansu. Takardar sakamako ba ta da gurbin rubuta wannan aiki, amma kowane koci ya san wasanni da yawa a nan ake cin su.

Slafkovský yana da tsawon santimita 191, nauyinsa ya haura kilo 100, kuma tun yana shekara 18 ya kai haka. Girma kaɗai dai bai isa a ɗauki mutum na ɗaya ba. NHL cike take da ƙattan da in faifai ya zo musu sai su rasa yadda za su yi da shi. Abin da ya bambanta shi shi ne hannunsa mai laushi ne, irin na ƙananan 'yan wasa masu wayo, aka ɗora a kan jikin ƙato.

Ga yadda abin yake in ya yi shi daidai. Faifai ya taho yana bin katanga ta gefen dama. Tun kafin ya iso, zai waiga ta kan kafaɗa, ya ga ta inda ɗan baya ke zuwa da inda abokinsa yake. Wannan waigen kaɗai ya raba gwani da ɗan koyo. Sai ya ware ƙafafu, ya rage tsawo, ya juya wa mai zuwan baya, ya tura masa ƙugu. Yanzu tsakanin ɗan bayan da faifan akwai gangar jiki mai kilo ɗari, da dogon hannu, da doguwar sanda. In ɗan bayan ya miƙo sanda ta dama, sai ya ja faifan hagu. In ya zagayo ta hagu, sai ya saki hannu ɗaya daga sandar ya tokare shi da shi, ɗaya hannun na riƙe da faifan can nesa inda ba a iya kai masa. In mutum biyu suka rufar masa, sai ya danne faifan da ƙarfen takalmi a jikin katanga, ya tsaya ƙyam, ana dukan bayansa da ƙafafunsa, yana jira. Daƙiƙa biyu, uku. A wasan da komai a guje yake, daƙiƙa uku ba ƙaramar dukiya ba ce. Ta isa ɗan tsakiya ya sulale ya sami sarari. Ta isa 'yan bayan hamayya su shagala da kallon cinkoson, su manta da wanda ya raɓo ta bayansu. Can sai ka ga faifan ya fito ta tsakanin ƙafafu, a hankali, ya sauka daidai bakin sandar abokinsa.

Duk wanda ya taɓa zama a gefen filin kokawa ya san wannan tsayuwa. Ƙarfin ɗan kokawa a ƙugu yake, da dasa ƙafa, da sanin lokacin da abokin karawa ya jibga masa nauyinsa gaba ɗaya, domin ya goce ya bar shi ya tafi da ƙarfin kansa. Slafkovský yana yin wannan gocewar: ya bari ɗan baya ya jingina da shi sosai, sai ya murɗa jiki ta ɗaya gefen, ya fito da faifan, ya bar mutumin rungume da gilashi. Sai dai ɗan kokawa yashi yake takawa, shi kuwa wannan a kan ƙarafa biyu yake tsaye, kowanne faɗinsa wajen milimita uku, a kan ƙanƙara. Ana wasa ƙasan ƙarfen da ɗan kwarmi a tsakiya, ya zama yana da kaifi biyu, na ciki da na waje, kuma a kan kaifin nan ake turjiya, ake birki, ake yanke kwana. Dogon mutum nauyinsa a sama yake, ya fi gajere wahalar zama daram a kansu. Shi ya sa ƙattan yara a hoki sukan yi ta tangaɗi kamar ƙafafun aro aka ba su, har sai sun shekara ashirin da wani abu.

Wannan sana'a tana da magabata, kuma daga yankinsu. Jaromír Jágr ɗan Jamhuriyar Cek, wanda ya buga NHL har yana shekara 45, kuma babu wanda ya fi shi tara maki, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, a tarihin gasar sai Wayne Gretzky, da tura ƙugu ya yi suna. In ya juya maka baya a lungu sai dai ka jira ya gama abin da yake yi. Marián Hossa ɗan Slovakiya, wanda ya ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun NHL, sau uku da Chicago, a 2010 da 2013 da 2015, shi ma ƙaƙƙarfan ɗan gefe ne da ba a ƙwace wa faifai cikin sauƙi. Slafkovský a cikin labarin irin waɗannan mutane ya tashi. An haife shi a birnin Košice ranar 30 ga Maris 2004, shekara biyu bayan Slovakiya ta zama zakarar duniya da ƙwallon da Peter Bondra ya zura wa Rasha a ƙarshen wasa. Yana shekara 15 ya riga ya bar gida yana Finlan, inda ya shiga hannun masu horar da matasan TPS.

Abin da ya fito da shi duniya gasar Olamfik ta hunturu ce da aka yi a Beijing a Fabrairun 2022. Annobar korona ta hana 'yan wasan NHL zuwa, sai kocin Slovakiya, Craig Ramsay ɗan Kanada, ya tafi da yaro mai shekara 17. A wasan farko Finlan ta lallasa su da ci 6 da 2, amma duka biyun shi ya ci. Ya ƙare gasar da ƙwallo bakwai a wasa bakwai. A wasan neman tagulla suka doke Suwidin 4 da nema, biyu nasa ne, Slovakiya ta samu lambar Olamfik ta farko a hoki, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar. Masu shakka suka ce ai manyan ba su zo ba, kuma gaskiyarsu ce. Bayan wata uku, a gasar cin kofin duniya da aka yi a Finlan, wadda wasu 'yan NHL suka buga, ya tara maki tara a wasa takwas. Masu farautar 'yan wasa sun lura da wani abu: in an haɗa shi da manyan maza a babban wasa, maimakon ya noƙe sai ya ƙara buɗewa.

Duk da haka, shekararsa ta farko a Montreal ba ta yi daɗi ba. Wasa 39, ƙwallo huɗu, ya taimaka aka ci shida. Filayen Turai galibi sun fi na NHL faɗi, wasu har mita 30. Ragin mita uku ko huɗu a ido ba wani abu ba ne, amma yana nufin ɗan baya zai iso kanka kafin ka gama shawara. Waigen nan da na ambata, a lokacin bai zama masa jiki ba. Yakan sunkuyar da kai yana kallon faifai, kuma a NHL wanda ya sunkuyar da kai a tsakiyar fili ya sayi faɗuwa da kuɗinsa. Ya sha mugun karo fiye da sau ɗaya, mutanen da ba su kai shi girma ba suna shimfiɗe shi. A Nuwamba aka dakatar da shi wasa biyu saboda ya tura Matt Luff na Detroit cikin katanga ta baya. A Janairun 2023 ya ji rauni a gwiwa, kakarsa ta ƙare ke nan.

Montreal kuwa ba garin da ake koyon wasa a ɓoye ba ne. An kafa ƙungiyar a 1909, ta ɗauki kofin Stanley sau 24, fiye da kowa, amma rabonta da shi tun 1993, kuma jama'ar garin ba su yafe wannan jinkiri ba. Zauren Bell Centre yana cin mutum wajen 21,000, 'yan jarida na Faransanci da na Ingilishi suna tsaye a ƙofar ɗakin canza kaya bayan kowane atisaye. Da kaka ta biyu ta fara, yaron ya yi wasa 15 da maki biyu tak, sai cece-ku-ce ya tashi. Wasu na cewa a mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu da ke Laval ya je ya koyo, wasu na cewa an yi asarar zaɓi.

Kocin ƙungiyar, Martin St. Louis, sai ya yi akasin haka. A Disambar 2023 ya ɗauke shi ya sa a sahun farko, tare da kyaftin Nick Suzuki da Cole Caufield, ya bar shi a nan. Akwai abin dariya a wannan haɗi. St. Louis gajere ne, tsawonsa santimita 173, a zamanin ƙuruciyarsa babu ƙungiyar da ta ɗauke shi a rabon 'yan wasa saboda ƙanƙanta, amma ya ƙare da kofin Stanley a Tampa Bay a 2004, da kambun gwarzon gasar a shekarar. Kafin Montreal ta kira shi a Fabrairun 2022, yara yake horarwa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zille wa ƙatta shi aka ba aikin koya wa ƙato yadda ake wasa. Ina ganin dacewar ke nan. Wanda ba shi da jiki dole ya karanta fili kafin faifai ya zo masa, kuma karatun nan shi ne ainihin abin da Slafkovský ya rasa. St. Louis an san shi da ƙin ɗaure 'yan wasa da tsari mai tsauri. Ya fi son ɗan wasa ya duba inda abokansa huɗu suke, ya cike gurbin da ya rage.

Su ukun sun dace da juna ƙwarai. Suzuki mai lissafi ne, yana rage wa wasa gudu har sai ya ga ƙofa. Caufield, wanda bai fi kocin nasu tsawo ba, maharbi ne. A ba shi taku biyu na sarari ya isa. Abin da su biyun suka daɗe suna nema shi ne wanda zai shiga lungu ya haƙo musu faifai, ya ja 'yan baya biyu zuwa jikinsa, ya bar musu fili. An gwada mutane da dama a wannan gurbi kafin shi.

Akwai wani ƙaramin abu a tsayuwarsu da ba kowa ke lura da shi ba. Bakin sandar hoki a lanƙwashe yake, yana da ciki da baya. Da cikin ake tarbar faifai cikin sauƙi a harba shi da ƙarfi. Bayan kuwa tudu ne, faifai kan buge shi ya tsallake. Slafkovský ta hagu yake riƙe sanda, amma a sahun nan gefen dama yake bugawa, Caufield mai riƙon dama kuma yana hagu. An yi musu haka ne domin in sun karkato tsakiya, cikin sandarsu na fuskantar raga, kuma in an turo musu faifai daga ɗaya gefen za su iya maka shi nan take ba tare da tsayar da shi ba. Kuɗin da ake biya shi ne a gidansu: yawancin faifan da ɗan baya zai turo wa Slafkovský domin fita daga matsi, da bayan sanda zai tarbe shi, ga mutum a wuyansa. Wato aikin katangar da ake yaba masa, sau da yawa da ɓangaren sanda mafi wahala yake yin sa. In ka ga ya tsinci faifai mai gudu daga jikin katanga da bayan sanda, ya ɗaga kai, ya wuce da shi ba tare da ya rage gudu ba, ka ga abin da 'yan wasa ke shekaru suna maimaitawa a atisaye.

Sai kuma harbi, wanda a farko shi ne rauninsa. Ragar hoki faɗinta mita 1.83, tsayinta mita 1.22, gola kuma da kayan kariyarsa ya kusa cike ta. Ƙarfin harbi kaɗai ba ya cin gola na NHL in ya riga ya daidaita tsayuwarsa. Abin da ke cin sa shi ne faifan ya bar sanda kafin ya shirya, ko ya fito ta kusurwar da bai zata ba. Sandunan yanzu na roba da zaren kabon ne, suna lanƙwasa. Maharbi kan danna sandar a ƙanƙara, ta tanƙware, ta mayar da ƙarfin kan faifan. Mai nauyin Slafkovský ba ya rasa ƙarfin dannawa. Matsalarsa ita ce jinkiri: ya tsayar, ya gyara, ya duba, kafin nan ɗan baya ya miƙo sanda ko gola ya rufe ƙofa. Sau da yawa ma sai ya fasa harbin ya nemi wanda zai ba, har 'yan kallo su yi ta ihun ya buga. A kaka ta biyu aka riƙa ganinsa a fili kafin atisaye yana aikin harbi da masu horarwa, ciki har da Adam Nicholas, mai kula da bunƙasa 'yan wasan ƙungiyar. Bambancin ya fito a fili bayan sabuwar shekara, musamman lokacin da aka kori ɗan hamayya zuwa bencin horo na minti biyu, Montreal ta zama biyar a kan huɗu. Zai tsaya a da'irar dama, sanda a shirye, faifai na isowa ya wuce.

Ya ƙare kakar 2023–24 da ƙwallo 20, ya taimaka aka ci 30, maki 50 ke nan, kuma bai rasa ko wasa ɗaya ba cikin 82. Ranar 9 ga Afrilun 2024 ya zura wa Philadelphia uku rigis a wasan da suka ci 9 da 3, 'yan kallo suka yi ta jefa huluna cikin fili, kamar yadda al'adar hoki take. Ranar 1 ga Yuli ƙungiyar ta ba shi kwantiragin shekara takwas a kan dala miliyan 60.8.

Wuri na biyu da jikinsa ke amfani shi ne bakin raga. Aikin nan ba shi da daɗi ko kaɗan. Za ka tsaya a gaban gola ka tare masa gani, ɗan baya na nausar ka da sanda a gadon baya, abokinka kuma daga nesa zai harbo faifai mai tauri da gudun da kan kai kilomita 150 a awa, ta inda kake tsaye. Ana so kada ka kauce da wuri, in da hali ma ka taɓa faifan da bakin sanda yana cikin iska, ya canza hanya. Gola ba ya kama abin da bai gani ba. Ƙwallaye da yawa da aka rubuta wa wasu, in aka sake duba hoton, Slafkovský ne, mai lamba 20, tsaye a gaban gola kamar ƙofar gari.

Ba zan ɓoye inda yake ba ni haushi ba. Kakar 2024–25 ta zo da ƙwallo 18 da taimako 33 a wasa 79, maki 51, wato kusan inda ya tsaya a kakar da ta gabace ta. Ga wanda aka ɗauka na ɗaya, wannan tafiyar hawainiya ce. Yana da ɗabi'ar fara kaka a sanyaye, sai an shiga Janairu ya farka. Wani lokaci kuma yakan manta da jikin da Allah ya ba shi, ya koma gefe yana neman ba da faifai mai ban sha'awa ta tsakanin mutum uku, alhali in ya sa kafaɗa ya nufi raga ba mai tare shi. Shi kansa ya sani. Yana cikin 'yan wasan da ba sa jin nauyin kushe kansu a gaban 'yan jarida, kuma a cikin kakar ya faɗa cewa yana so ya riƙa wasa irin na Brady Tkachuk, kyaftin ɗin Ottawa a lokacin, wanda ba ya wuce mutum bai goge shi ba. A wannan kaka Suzuki ya tara maki 89, Caufield ya ci ƙwallo 37, Montreal ta koma wasannin neman kofi karo na farko tun 2021, kafin Washington ta fitar da ita a wasa biyar. Wasu na cewa su biyun ne ke ɗauke da shi. Ni dai ina roƙon mai wannan magana ya koma baya da daƙiƙa goma kafin kowace ƙwallo, ya ga wa ya fito da faifan daga lungu.

Ina zai kai? Tarihin gasar ya nuna ƙatta ba sa nuna da wuri. Joe Thornton, wanda Boston ta ɗauka na ɗaya a 1997, maki bakwai ya samu a wasa 55 na shekararsa ta farko. A 2006 shi ne gwarzon gasar, ya yi ritaya da maki sama da 1,500. Tage Thompson na Buffalo, dogo mai kusan mita biyu, sai da ya kai shekara 24 kafin ya ci ƙwallo 38 a kaka ɗaya, ya bi da 47. Misalin da ya fi kusa shi ne Mikko Rantanen ɗan Finlan: daga TPS ɗin nan ya fito, ƙato ne mai riƙon hagu da ke buga gefen dama, ya yi maki 38 a cikakkiyar kakarsa ta farko a Colorado, ta biyu ya yi 84, a 2022–23 kuma ya ci ƙwallo 55. Ban ce Slafkovský zai zama Rantanen ba. Idon Rantanen a kusa da raga ya fi nasa kaifi. Ba kuma irin Connor McDavid ba ne da zai ɗauki faifai daga gida ya yanke mutum biyar shi kaɗai, kuma duk wanda ke auna shi da wannan ma'auni zai kwana da takaici. Amma ɗan gefe mai kilo ɗari, mai cin ƙwallo talatin, mai tara maki saba'in, wanda ba a iya ture shi daga katanga ko daga bakin raga, a duk gasar ba su da yawa, kuma darajarsu tana ninkuwa a wasannin neman kofi, lokacin da fili ke ƙara matsewa, alƙalai ke rage busa. Ya kai maki 50 sau biyu a jere yana shekara 20 zuwa 21, tun ƙafafunsa ba su gama zama ba. Kwantiraginsa sai 2033 zai ƙare, yana da shekara 29. In ya daina barcin farkon kaka, ya riƙa harbi a duk lokacin da ƙofa ta buɗe, Montreal ce za a ce ta yi arha.

Mai karatu da ke son ganin abin da idonsa, kada ya tsaya a guntayen bidiyon YouTube, domin ƙwallaye kawai suke nunawa. Ya nemi cikakken wasa, ya ƙyale faifan na ɗan lokaci, ya bi lamba 20 da ido tun daga tsallakowarsa daga benci, ya ƙirga sau nawa ya shiga lungu da mutum, sau nawa kuma faifan ya fito a hannun Montreal. Wasannin gida galibi ƙarfe bakwai na yamma ake fara su a can, wato ɗayan dare a Kano da Damagaram a watannin hunturu, saboda haka a tanadi shayi.